BUƊAƊƊIYAR MOTAR AMURKA: DOKIN ƘARFEN DA BAI RISKI ABUJA BA

A filinmu na tarihi na wannan fitowa za mu waiwayi wata mota da yawancin samarinmu na Garki, Wuse, Nyanya da Kubwa ba su taɓa gani ido da ido ba, sai dai a hoto ko a fim. Ita ce doguwar motar nan ƙirar Amurka wadda ake naɗe rufinta na tamfol a tura shi baya, waɗanda ke ciki su zauna a sarari kowa na kallonsu. Dattawanmu da suka yi ƙuruciya a Kano, Kaduna, Zariya, Katsina da Sakkwato kafin Yaƙin Basasa, har gobe in an ambace ta sai ka ga sun gyara zama. Shin mene ne ya sa ta shiga ran mutane haka? Kuma yaya aka yi ta ɓace, har garin da aka shimfiɗa wa tituna irin nata bai same ta ba?

Sanayyarmu da motar Amurka ta girmi buɗaɗɗiyar motar. Tun wajen shekarun 1920, motocin Ford ne suka fi dacewa da hanyoyin burji na Afirka ta Yamma, domin ba su da nauyi, cikinsu a ɗage yake daga ƙasa, ga kayan gyaransu da sauƙin samu. Irinsu ne suka riƙa kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa tashoshin jirgin ƙasa. Wato tun kakanninmu, an san Ba'amurke da iya ƙera mota.

To, bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sai Amurka ta samu kanta cikin wadata. Fetur ya yi araha, aiki ya samu, a 1956 kuma Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka haɗa jihohin ƙasar. Kamfanoni uku na birnin Detroit, wato General Motors, Ford da Chrysler, suka shiga tsere, kowa na so tasa ta fi tsawo da ƙyalli. A 1958 aka fito da Chevrolet Impala. Cadillac ta 1959 tsawonta ya kusa ƙafa 19, ga wasu fukafukai a baya sun miƙe kamar na jirgin sama, injinta mai silinda 8. A watan Afrilu na 1964 Ford ta fito da Mustang don samari. A shekarar 1965 kawai, buɗaɗɗun motocin da aka ƙera a Amurka sun kai kimanin rabin miliyan.

Wannan zamani shi ne ya zo daidai da lokacin da Jihar Arewa ta sami mulkin kai a 1959, Nijeriya kuma ta sami 'yanci a 1960. Ministoci, sarakuna, attajirai da 'yan kwangila suka fara sayen dogayen motocin Amurka irin su Chevrolet, Pontiac, Buick da Cadillac. Abin ya shahara har marubuci Chinua Achebe, a littafinsa A Man of the People na 1966, da ya tashi nuna isar wani minista sai ya ba shi Cadillac. Mafi yawansu rufaffu ne, buɗaɗɗun 'yan ƙalilan ne, kuma ƙarancin nasu shi ya ƙara musu farin jini. Talakan da ba shi da ko keke, shi ma ya san su, domin a gidajen silima na Kano irin su Rex, Palace da El Dorado yana ganinsu a finafinan Amurka, a na Indiya kuma ga jarumi cikin Impala yana tafe yana waƙa.

In za a bi ta gaskiya, wannan mota ba don ƙasarmu aka yi ta ba. Rana ta bazara za ta gasa ka, ƙurar hunturu ta mayar da farar babbar riga ja, in damina ta kama kuma tamfol ɗin ya tsufa, to sai yoyo. Ga shan mai kamar ba gobe. Duk da haka mutane suka so ta. Mu a namu ganin, dalilin yana ga doki.

Bahaushe ya tashi ya tarar da shugabansa a bisa doki. Ranar hawan Salla, ko hawan Daushe da na Nassarawa a Kano, sarki yana fitowa ƙarƙashin laima, talaka ya ga fuskarsa, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, dogarai su amsa masa. Da wannan ganin ne jama'a ke sanin sarki lafiya yake, shi kuma ya ga halin da gari ke ciki. Da mota ta zo, rufaffiyarta ta raba mai mulki da idon mutane, kamar an sa shi a akwati. Buɗaɗɗiyar kuwa ta bar shi a fili, rawaninsa bai tanƙware ba, yana iya miƙewa tsaye ya ɗaga hannu, maroƙa da makaɗa na biye da shi a ƙasa. Shi ya sa ba a cika ganinta a doguwar tafiya ba. Motar rana ɗaya ce: ranar Salla, ranar naɗi, ranar taron siyasa, ranar tarbar babban baƙo. Ashe dai doki aka samu na ƙarfe.

Amma duk abin da ya yi farko zai yi ƙarshe. Ranar 22 ga Nuwamba, 1963, aka harbe Shugaba Kennedy a birnin Dallas, yana cikin buɗaɗɗiyar Lincoln Continental yana ɗaga wa jama'a hannu. Shi ne wanda ya karɓi baƙuncin marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a Washington a watan Yuli na 1961. Ba a jefar da motar ba: an yi mata rufi na dindindin, aka sa mata sulke, ta ci gaba da aiki har 1977, yanzu tana gidan tarihi na Henry Ford a jihar Michigan. Bugu da ƙari, na'urar sanyaya mota ta yawaita, sai mutane suka gwammace su ɗaga gilashi su sha sanyi. Aka kuma fara tsananta dokokin kare lafiyar fasinja, don kuwa in buɗaɗɗiyar mota ta wuntsila babu abin da zai tare kai. Daɗin daɗawa, a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, fetur ya yi tsada. Kamfanoni suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, har a watan Afrilu na 1976 Cadillac ta fitar da Eldorado wadda aka yi shelar ita ce buɗaɗɗiya ta ƙarshe. An koma ƙera wasu daga 1982, amma ƙanana ne, wancan zamani bai dawo ba.

A nan gida ma al'amura sun juya. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, irin na Amurka da maƙwabciyarmu Nijar, amma canjin ya zo a ƙurarren lokaci ga waɗannan motoci. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, Boswaja kuma a Ikko. Fijo 504 injinta silinda 4 ne, ba ta shan mai sosai, kuma kowane bakanike a bakin titi ya san cikinta. Sannan ga abin da ya faru a 1976. Ranar 3 ga Fabrairu, Janar Murtala Muhammed ya yi shelar kafa sabon babban birni a nan tsakiyar ƙasa. Kwana goma kacal bayan haka, ranar Juma'a 13 ga wata, aka harbe shi a cunkoson motoci a Ikoyi, cikin baƙar Marsandi, ba jiniya ba ayarin sojoji. Allah Ya jiƙansa. Janar Obasanjo da ya gaje shi ya kawo tsarin rage almubazzaranci, Fijo ta zama motar manyan ma'aikatan gwamnati. Ku duba wannan ikon Allah: shekarar da aka haifi Abuja, a ita aka rasa shugaban da ke yawo cikin jama'a ba tsoro, a ita kuma Detroit ta yi ban kwana da buɗaɗɗiyar mota.

Wani abin mamaki kuma, Amurkawa ne suka zana wannan gari. Gamayyar kamfanoni uku na Amurka, mai suna International Planning Associates, ita ta miƙa taswirar Abuja a 1979, da tituna masu faɗi da gadoji da shataletale, gari na mai mota. Da Impala ta samu hanyar filin jirgin sama da yamma lis, ga duwatsu na kewaye, ai da ta sake. Amma ko da Janar Babangida ya tare a nan ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin baƙin gilashi ya riga ya kama, har sai da gwamnatin soja ta kafa doka a kansa a wannan shekara. Da Shugaba Clinton ya zo Abuja a watan Agusta na 2000, har ya ziyarci ƙauyen Ushafa, cikin mota mai sulke da tsauraran matakan tsaro ya zo. Abin da ya yi saura na tsohuwar al'ada shi ne 'yan mintocin da shugaban ƙasa kan tsaya a buɗaɗɗiyar motar soja yana duba fareti.

To, 'yan uwa, mene ne namu a ciki? Mu a nan zuwa muka yi, muka tarar da Gbagyi, Koro, Gade, Gwandara da sauran masu ƙasa, muka zauna da su lafiya. Babu hawan Daushe a Wuse, babu ƙofar fada da talaka zai je ya zauna. Abin da muke da shi su ne Sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin wannan ƙungiya. Ba mu ce kowa ya jefa ransa cikin haɗari ba, kuma ba mu ce a sayi Cadillac ba. Roƙonmu shi ne wanda Allah Ya ɗaukaka daga cikinmu ya sauke gilashi. A gan shi a jana'izar ɗan dako a Dei-Dei, a same shi ran da aka kama mai shayi a Nyanya, ya zo taron wata-wata da ƙafarsa, kada ya aiko direba da ambulan. Hausawa dai sun ce zumunta a ƙafa take.

Daga ƙarshe, muna kira ga duk wanda ke da tsohon hoton mahaifinsa ko na sarkin garinsu cikin irin wannan mota, ya kawo wa sakataren ƙungiya a kwafa a mayar masa. Wanda kuma ya san inda wata ke kwance a gareji can gida, ya yi magana kafin 'yan gwangwan su sassare ta su auna a sikeli.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu shugabanni masu kallon jama'a ido da ido, amin.