Ƙofa da Zango: Tsohuwar Sadarwar Boɗinga da Kalmomin Sadarwar Kwamfuta

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wasu daga cikin kalmomin da malamai ke nema don koyar da sadarwar kwamfuta cikin Hausa suna nan ajiye a tarihin mulkin Daular Sakkwato, musamman a yankin Boɗinga da Shagari.

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Shehu Usmanu ya zauna Sifawa, kusa da Boɗinga, har zuwa 1815. A 1812 ya raba aikin gudanar da daula biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello a Sakkwato, yamma ga ƙanensa Abdullahi, wanda ya zauna Boɗinga kafin ya koma Gwandu. Ke nan cibiyoyi biyu suka tabbata, kuma tilas saƙo ya riƙa kai-da-komo tsakaninsu. Manzon da ya bar Sakkwato zuwa Gwandu yakan ratsa Boɗinga, ya bi ta yankin Yabo da Shagari, yana yada zango.

Ba kowa ke aika takarda kai tsaye ga Sarkin Musulmi ba. Kowace masarauta tana da ƙofarta, watau wani babba a fada wanda al'amuranta ke bi ta hannunsa. Alal misali, Waziri shi ne ƙofar Kano da Zazzau, su kuwa Nufe da Ilori sai ta Gwandu. Murray Last ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na 1967, kuma wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari a 1903, waɗanda Backwell ya fassara ya buga a 1927, sun nuna yadda ake yin sa. Kowace wasiƙa da ƙa'idarta: a buɗe da sunan Allah, a ambaci mai aikawa da wanda aka aika wa, a yi gaisuwa, kana a shiga magana. Hatimi kuwa shi ke shaida cewa ba ta jabu ba ce.

To, mu dubi kwamfuta. A 1969 aka haɗa kwamfutoci huɗu a yammacin Amurka cikin tsarin ARPANET. Hikimar tsarin ita ce ba a keɓe wa masu magana biyu layi guda kamar yadda wayar tarho ke yi. Ana yanyanka saƙo ƙanana-ƙanana, kowane yanki a liƙa masa adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lambar jerinsa. Donald Davies na Birtaniya ne ya kira yankin fakiti, kalmar da Bahaushe ya riga ya sani daga fakitin sukari, ko da yake a ganina ƙunshi ya fi daɗin kunne. Kowane ƙunshi yakan isa wata na'ura, ta karanta adireshinsa, ta miƙa shi ga ta gaba. Wannan na'ura da ake kira rawuta, aikin zango take yi: a sauka, a tambayi hanya, a wuce. Na'urar da duk saƙon gida ko makaranta ke fita ta kanta zuwa waje kuwa, Turawa da kansu sunan ƙofa suka ba ta, don haka babu dalilin ƙirƙiro wata kalma. Haka nan firotokol ba wani abu ba ne illa ƙa'idar wasiƙa da aka yi ittifaƙi a kanta. Wadda Vinton Cerf da Robert Kahn suka tsara a 1974, watau TCP/IP, ita ARPANET ta koma kanta ranar 1 ga Janairu 1983, lokacin ɗan Shagari, Alhaji Shehu Shagari, yana shugabancin Nijeriya.

Sai dai kwatancen yana da iyaka, kuma wajibi ne malami ya faɗa wa ɗalibansa. Akwai sha'awar a kira jerin ƙunshe-ƙunshen ayari, amma hakan kuskure ne. Ayari tare yake tafiya ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba, a tashi tare a sauka tare. Ƙunshe-ƙunshen saƙo ba su da madugu. Wani na iya bi ta wannan hanya, wani ta waccan, na baya ya riga na gaba isa, sai a can wurin mai karɓa a jera su bisa lambobinsu, wanda ya ɓata a nemi a sake aiko shi. Ɗalibin da aka koya wa ayari zai zaci idan hanya ɗaya ta yanke saƙo ya halaka, alhali don kauce wa hakan aka ƙago tsarin.

Akwai kuma ruɗani tsakanin intanet da yanar gizo. Intanet ita ce hanyoyin da zangunan. Yanar gizo kuwa, wadda Tim Berners-Lee ya ƙago a 1989, shafuka ne masu nuni ga juna, watau ɗaya daga cikin kayan da ake ɗauka bisa hanyar. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, mutumin Boɗinga ya ari sabis da data da netwok, ya saba da su, kuma ban ga amfanin yaƙi da su ba. Inda ake bukatar ƙofa da zango da ƙunshi shi ne cikin aji, wurin da ake son ɗalibi ya gane abin da ke faruwa tsakanin wayarsa a Shagari da wata kwamfuta a Legas.