Sau Nawa Kwamfuta Ke Tambayar Linzami?

Ranar 9 ga Disamba, 1968, a birnin San Faransisko na Amurka, Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana wata 'yar na'ura mai igiya da ke juya alama a kan allon kwamfuta. Ita ce kakar linzamin da muke riƙewa yau. Amma labarin da nake son ba ku ya shafi wani abu da ido ba ya gani, wato sau nawa kwamfuta ke jin motsin hannunka a cikin daƙiƙa ɗaya.

A 1987 kamfanin IBM ya fito da mahaɗar PS/2, wadda bakinta zagaye ne. Waɗanda suka riski tsofaffin kwamfutocin ofis za su tuna ta. A wannan tsari linzami ne ke magana. Da ya motsa, sai ya aika saƙo, yawanci sau 100 a daƙiƙa, kuma ana iya ɗaga shi zuwa 200.

Da USB ta zo a 1996, sai al'amari ya juye. Yanzu linzami ba shi da bakin magana sai an tambaye shi. Kwamfuta ce ke leƙowa ta ce, "Akwai labari?" Ga linzami na gama-gari, tana yin haka sau 125 a daƙiƙa. Mai buga wasiƙa ba ruwansa da wannan. Masu wasannin harbi irin su Quake kuwa, waɗanda ƙiftawar ido ke raba su da nasara, sun ji bambancin a hannunsu, har wasu suka ƙi rabuwa da tsohuwar mahaɗa. Ni ma na san zafin ɗan jinkiri: mai sauraro ya bugo waya ina kan iska, muryarsa na makara kaɗan, sai mu yi ta cin karo da juna.

A Windows XP, mai son ƙara saurin sai ya yi wa wani fayil na cikin manhajar tiyata, da hannu ko da 'yar manhajar da wani ya haɗa, ba da yawun kamfanin ba. A Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, asalin rubutun manhajar a buɗe yake ga kowa. Sai aka rubuta gyara, aka miƙa wa masu kula da zuciyar manhajar, ya samu shiga a 2005. Daga nan layi ɗaya ya isa: usbhid.mousepoll=2 na nufin tambaya sau 500 a daƙiƙa, lamba 1 kuma sau 1000. Daga baya aka yi wa kibod da sandar wasa irin wannan ƙofa.

A ganina nan ne muhimmancin abin yake. Buƙata ce ta 'yan tsiraru, wadda babu babban kamfanin da zai tara taro a kanta, amma ta zama haƙƙin duk mai amfani da manhajar. Ba kyauta ba ce dai: yawan tambaya yana ƙara wa kwamfuta aiki, yana kuma cin batir.

Zamani ya ɗan wuce layin. A kan mahaɗar USB 3, sau da yawa ka rubuta shi kwamfuta ta yi kunnen uwar shegu da shi. Linzaman wasa na yanzu kuma su ke faɗa wa kwamfuta saurin da suke so, har kamfanin Razer ya fitar da mai sau 8000 a 2021.