Yadda zankon zakara ke nuna cutar da ke jikinsa

Zankon zakara da leɓar da ke rataye a ƙarƙashin bakinsa cike suke da ƙananan jijiyoyin jini, kuma ta nan ne yake rage zafin jiki, kasancewar kaji ba sa yin gumi. Don haka su ne kan fara sauya kama idan ciwo ya shiga.

Zankon da ya koɗe ya yi fari alama ce ta ƙarancin jini. Galibi ƙwarƙwatar kaji ce, ko tsutsar ciki, ko kuma kaskar da ke ɓuya a tsagar bangon akurki da rana, ta fito da dare ta sha jini. Baƙin tabo ɗaya ko biyu kuwa, sau da yawa busasshen jini ne na faɗan zakaru.

Ƙuraje

A ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun na jihar Zamfara, ana noman rani da ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a shekarar 1978. Ruwan da ke kwanciya a magudanai da gonakin shinkafa matattarar sauro ce, shi kuwa sauro yana cikin masu yaɗa cutar ƙurajen kaji.

Ƙurajen kan fara ne fari-fari a zanko da leɓa da gefen ido, daga baya su yi ɓawo mai duhu. Cutar tana tafiya sannu a hankali, zakaran kan ci gaba da cin abinci, kuma yawanci ɓawon kan faɗi cikin makonni 2 zuwa 4. Ba ta kama mutane.

Haɗarinta shi ne idan ta shiga baki da maƙogwaro, domin tana iya toshe numfashi. Ba ta da magani, kuma kafson da wasu ke jiƙa wa kaji a ruwa ba ya kashe ƙwayar cutar. Amma akwai rigakafi da ake yi a fatar fiffike, wanda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ke sarrafawa.

Murar tsuntsaye

Wadda ba a so a rikita da ƙuraje ita ce murar tsuntsaye. A nan zanko da leɓa kan kumbura su yi shuɗi-shuɗi ko baƙi, fuska ta kumbura, kaji kuma su riƙa mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kwalarar kaji ma kan kumbura leɓa, don haka gwaji ne kaɗai ke tantancewa.

An tabbatar da nau'in H5N1 a Najeriya ne a watan Fabrairun 2006, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, karon farko ke nan a nahiyar Afirka. A farkon 2007 cutar ta yi sanadin mutuwar wata mata a Legas.

Al'adar yanka kaza mara lafiya a ci kafin ta mutu tana da haɗari matuƙa a irin wannan hali, domin wajen yanka da fiɗa ne mutum ya fi kamuwa. Abin da ya kamata shi ne a hana yara taɓa kajin, a sanar da ofishin likitan dabbobi, kuma kada a kai sauran kasuwa.

Zakaran da aka sayo a kasuwar Talata ta Mafara ma, ko da zankonsa ja ne jawur, a keɓe shi tsawon makonni 2 kafin a haɗa shi da kajin gida.