Jinyar Doki Mai Ɗingishi Bayan Hawa ko Sukuwa

Bayan Hawan Nassarawa, masu dawaki a Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi kan wayi gari da doki yana ɗingishi. Sau da yawa jijiyar bayan ƙwaurin ƙafar gaba ce ta ji ciwo, saboda gudu a kan kwalta da nauyin kayan ado. Za ka ji wurin ya kumbura, da zafi in ka taɓa.

A kwanakin farko a bar shi a barga, a riƙa kwarara wa ƙafar ruwan sanyi na minti 20, sau biyu ko uku a rana. A rage masa dawa da dusa, a ƙara harawa, tunda ba ya aiki. Kada a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi. Tabo kawai yake bari. Allurar kashe zafi kuwa ɓoye ciwon take yi, sai mai doki ya ga kamar ya warke ya ɗaura sirdi. A nan ne yawanci ake nakasa doki.

Jijiya kan ɗauki wata 9 zuwa 12 kafin ta haɗe. Ana farawa da jansa a hannu minti 10 kullum, a ƙara kaɗan-kaɗan, sannan kilisa, gudu sai can ƙarshe.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna horar da likitocin dabbobi, amma gyaran dokin wasa ƙwarewa ce ta daban. A nemi wanda ya saba duba dawakin folo, mai na'urar hoton jijiya. Ƙungiya za ta iya haɗa kuɗin kiransa.