Falaba da Appam: Dokar Ganima a Teku Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya

Duk inda aka yi yaƙi, fatake ne ke fara ji a jikinsu. A tudu a tare ayari, a teku kuwa a tare jirgi. Abin da Turawa suka yi daban shi ne, sun zauna sun rubuta ƙa'idar tarewar, har da kotun da za ta duba ko ganimar ta halatta.

A shekarar 1856, bayan yaƙin Kirimiya, manyan ƙasashen Turai suka taru a birnin Paris suka amince da abubuwa huɗu. An hana gwamnati ta ba wani ɗan kasuwa takardar izinin farautar jiragen abokan gaba. Kayan abokin gaba idan suna cikin jirgin ƙasar da ba ruwanta da yaƙin, tutar jirgin ta kāre su. Kayan ɗan ba-ruwanmu kuma ko a jirgin abokin gaba aka same su, ba a cinye su. Sannan wanda ya ce ya toshe gaɓar tekun wani, dole ya jibge jiragen da za su tsare ta da gaske, ba toshewar fatar baki ba. Sai dai an bar ƙofa guda a buɗe, wato an ce kariyar ba ta shafi kayan yaƙi ba. To, mene ne kayan yaƙi? Bindiga dai kowa ya sani. Alkama fa, wadda soja ke ci, jariri ma ke ci?

Wannan tambaya aka yi ƙoƙarin amsawa a Landan a 1909. Aka kasa kaya gida uku: waɗanda ake kamawa kai tsaye kamar makamai da albarushi, waɗanda ake kamawa in an tabbatar sojoji za a kai wa kamar abinci da gawayin kwal, da waɗanda ba a taɓawa ko kusa. A kashi na ukun nan akwai auduga, da roba, da kirgi, da 'ya'yan itatuwan da ake matse mai daga gare su. Mai karatu zai lura cewa da yawa daga cikin abin da ƙasarmu ke sayarwa waje a lokacin yana cikin wannan kashi. Amma majalisar dattawan Ingila ta ƙi amincewa a 1911, don ta ga yarjejeniyar za ta ɗaure hannun wanda ya fi kowa ƙarfi a teku, wato ita kanta. Ta haka takardar ta zama ba ta hau kan kowa ba.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Agustan 1914, Ingila ta hana fitar da makamai da wasu kayayyaki daga ƙasarta, ta kuma haramta ciniki da abokan gaba. Dokar ta iso har Ikko. Jiragen kamfanin Woermann na Jamus suka ɓace daga gaɓar Afirka ta Yamma, aka rufe kantunan Jamusawa, daga baya a 1916 aka yi gwanjon kadarorinsu. Kafin yaƙin, mafi yawan ƙwarar manjan da ake fitarwa daga wannan yanki Hamburg ake kai ta, sai ga kasuwar ta rufe dare ɗaya. Gyadar Kano kuwa, wadda jirgin ƙasa ya fara kwasa a 1912, tana tasowa ke nan ta tarar da ƙarancin jiragen ruwa. A can Turai kuma Ingila ta riƙa zare kaya ɗaya bayan ɗaya daga kashi na uku tana mayar da su haramtattu. Hujjarta ba ta rasa tushe ba, domin da auduga ake haɗa wani nau'in albarushi, daga mai kuma ake samun sinadarin haɗa nakiya. A watan Agustan 1915 auduga ta shiga sahun bindiga. A ganina, daga ranar da aka yarda cewa duk abin da zai iya amfanar soja kayan yaƙi ne, jerin ya tashi daga aiki, don babu abin da ba ya amfanar soja.

Jamus ba ta da jiragen da za su kara da na Ingila a sarari, sai ta koma ga jirgin yaƙi mai nutso. A nan ne tsohuwar ƙa'ida ta gamu da abin da ba a yi ta dominsa ba. Ƙa'idar ta ce a tsayar da jirgin fatake, a duba takardunsa, a kai shi kotu, in kuwa dole ne a nutsar da shi, a fara tsirar da mutanen ciki. Jirgi mai nutso ba shi da wurin zuba fasinja, ba shi da rarar ma'aikatan da za su tuƙa ganima zuwa gida, kuma da ya ɗago kansa harbi ɗaya ya ishe shi. Ingila ma ba ta sauƙaƙa ba, ta ɗora bindigogi a kan jiragen fatake, ta umarci matuƙansu su banke shi in ya ɓullo.

Jirage biyu na kamfanin Elder Dempster, masu zirga-zirga tsakanin Libaful da Afirka ta Yamma, sun isa misali. Ranar 28 ga Maris 1915, jirgin Jamus mai nutso U-28 ya tare Falaba kwana ɗaya da barinsa Libaful. An yi gargaɗi, an ce mutane su sauka, amma aka sakar masa nakiya kafin a gama sauke kwale-kwalen tsira. Mutum 104 suka halaka, cikinsu har da Ba'amurke guda. Ingila ta ce 'yan mintoci kaɗan aka ba su, Jamus ta ce ta ba da isasshen lokaci, kuma jirgin na ɗauke da harsasai, yana ta kiran agaji ta waya.

Appam kuwa labarinsa daban ne. Ranar 15 ga Janairun 1916, yana kan hanyar komawa Ingila, jirgin farautar Jamus mai suna Möwe ya kama shi. A ciki akwai Gwamnan Saliyo, Sir Edward Merewether, da wasu Jamusawa fursunonin yaƙin Kamaru, waɗanda nan take suka tashi daga tsararru suka koma masu tsaro. Jamusawa suka kwashe zinariyar da ke ciki, suka zuba masa ma'aikatan jiragen da suka riga suka nutsar, suka sa wani hafsa Hans Berg da 'yan tsirarun sojoji su tuƙa shi. Kai shi Jamus ba zai yiwu ba saboda toshewar Ingila, sai Berg ya ratsa tekun Atlantika, ya shiga tashar Hampton Roads a jihar Birjiniya ranar 1 ga Fabrairu. Amurka a lokacin ba ta shiga yaƙin ba. Aka sallami fasinjoji lafiya lau, sai shari'a ta tashi. Jamus ta kafa hujja da wata tsohuwar yarjejeniya tsakanin Amurka da masarautar Furushiya, masu jirgi suka ce tashar 'yan ba-ruwanmu ba rumbun ajiye ganima ba ce. Ranar 6 ga Maris 1917 Kotun Ƙolin Amurka ta ba masu jirgi gaskiya.

Kafin hukuncin ya fito, Ingila ta riga ta yi watsi da yarjejeniyar Landan ɗungurungum a watan Yulin 1916, Jamus kuma tun 1 ga Fabrairun 1917 ta shelanta cewa za ta nutsar da kowane jirgi a yankin da ta shata ba tare da gargaɗi ba. Wata guda bayan hukuncin, ranar 6 ga Afrilu, Amurka ta shiga yaƙin. Appam ya koma hannun Elder Dempster, ya ƙarasa yaƙin da sunan Mandingo, daga bisani aka mayar masa da sunansa, ya ci gaba da jigila zuwa gaɓar Afirka ta Yamma har 1936 da aka sayar da shi ga masu farfasa tsofaffin jirage.