Mutanen Dala Kafin Zuwan Bagauda

Mai karatu, in ka ga Dutsen Dala a fim, kada ka ɗauka dandalin waƙar soyayya ne kawai. Tun kafin Bagauda ya zo a 999 akwai jama'a a gindinsa, masu bautar Tsumburbura, Barbushe ne babbansu. Littafin Tarihin Kano ya ce shi kaɗai ke shiga katangar bishiyar tsafin, wani ya kuskura kuwa, sai gawarsa. Ran biki a taru da baƙaƙen karnuka da kaji da bunsuraye, ya shiga da dare, ya fito da labarin shekara mai zuwa. Kai, har baƙon da zai ƙwace masu mulki sai da ya faɗa! Katangar ta tsaya har ƙarni na 14, Sarki Tsamiya ya rushe ta.