Yadda Kayan Wasan Yara Suka Hau Dandamalin Kiɗa

Wajen shekarar 1967, a birnin Sinsinati na jihar Ohayo a Amurka, wani matashi mai suna Reed Ghazala ya ji wata baƙuwar ƙara tana tashi daga aljihun teburinsa. Da ya duba, ashe 'yar na'urar ƙara sauti ce mai batir, cikinta a buɗe, ta taɓa wani ƙarfe, wuta ta bi hanyar da ba tata ba. A zamanin, injin haɗa sauti irin na Moog sai manyan situdiyo da jami'o'i, saboda tsada. Ga shi abin wasa ya ba shi irin wannan sauti a ɓagas. Maimakon ya gyara, sai ya shiga neman wasu hanyoyin da gangan.

Ba shi kaɗai ba ne. A Amsterdam, Michel Waisvisz ya ƙera wani ɗan akwati a shekarun 1970, wanda ake kaɗawa ta hanyar ɗora yatsu a kan ƙarafan jikinsa. Sai dai kasuwa ce ta buɗe ƙofa sosai. A 1978 kamfanin Texas Instruments ya fitar da Speak & Spell, abin wasa mai magana da ke koya wa yara haɗa baƙaƙe. Casio ya biyo da ƙaramin fiyano SK-1 a tsakiyar shekarun 1980, abin wasan Furby kuma ya zo a 1998. Da yara suka girma, kayan suka koma kasuwar gwanjo a farashin banza.

Aikin mayar da irin waɗannan kayan wasa kayan kiɗa ba ya buƙatar digiri. A kwance bayan abin wasan, a kunna shi yana waƙa, sannan a ɗauki guntun waya a riƙa taɓa wurare bibbiyu a kan allon lantarkin da ke cikinsa. Wani wurin shiru, wani ya kashe na'urar, wani kuma ya sa muryar ta kakkarye ko ta yi kauri. Inda sauti ya yi daɗi sai a liƙa waya da darma, a huda robar a sa makunni. Ana kuma musanya rasistar da ke daidaita saurin na'urar da maɓallin murɗawa, a ƙara kafar da za a jona babbar lasifika. Ƙa'ida ɗaya ce ba a wasa da ita: kayan batir kaɗai, domin wutar bango tana kisa.

Daga 1992 Ghazala ya riƙa bayyana dabarunsa a mujallar Experimental Musical Instruments, ya kuma wallafa littafi a 2005. Intanet ta yaɗa zane-zanen dabarun zuwa ko'ina. A 2004 aka fara bikin Bent Festival a Niyok, inda aka riƙa koyarwa da wasa a gaban jama'a. A Birmingham ta Ingila, Brian Duffy ya kafa ƙungiyar Modified Toy Orchestra, wadda kayan kiɗanta duk na yara ne.

Kayan wasan yau sun fi wuyar sha'ani, don an dunƙule cikinsu a ɗigon baƙin danƙo guda, shi ya sa tsofaffin suka yi daraja. Amma abin da wannan sana'a ta tabbatar yana nan: mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya ƙera kayan kiɗansa, muddin yana da kunne da haƙuri da ƙarfin halin kwance sukurori.